Ma'aikata, Ku Dubi Wiskonsin, Ku Dubi Minesota, Ku Tashi!

'Yan'uwana ma'aikata, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku. Malamin firamare, da kai nake. Ma'aikaciyar jinya, da ke nake. Masinja, direba, akawu, mai shara, mai gadi, leburan kamfani, duk da ku nake. Labarin jihohi biyu na kawo muku daga Amurka. Ba don hira na kawo shi ba. Don ku tashi na kawo shi.

Sunan ɗaya Wiskonsin, ɗayar kuma Minesota. Maƙwabtan juna ne a can arewacin ƙasar, inda sanyi kan daskarar da tafki har mota ta bi ta kai. Kogin Misisipi ne ya raba su a wani sashe na iyakarsu, mutum kan kwana a wannan, ya tsallake gada da safe ya yi aiki a waccan. Jama'ar kowacce ta kusa miliyan 6. Kakannin akasarinsu daga Jamus da Nowe da Suwidin suka zo. Noma suke yi, kiwon shanu suke yi, masana'antu gare su. A 2010, cikin kowane ma'aikaci ɗari a Wiskonsin, wajen 14 'yan ƙungiyar ƙwadago ne. A Minesota, 15 da ɗoriya. Kusan kafaɗa da kafaɗa suke.

Yau fa? Yau ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Wiskonsin dala 7.25 ake biyansa a awa. Haka ake biya tun 2009, ko sisi ba a ƙara ba. Ɗan'uwansa da ke ƙetaren kogi a Minesota, dala 11.13 doka ta yanka masa a 2025, kuma duk shekara kuɗin na hawa gwargwadon tsadar kaya. Ɗan Minesota ya je makaranta ya ci karin kumallo da abincin rana kyauta, ko ɗan waye. Uwarsa ta haihu, ta tafi hutu da biya. A matsakaici, kuɗin da ke shiga gidan ɗan Minesota ya fi na maƙwabcinsa. Waɗanda ba su da inshorar lafiya sun fi ƙaranci a can. Har tsawon rai, alƙaluma na nuna 'yan Minesota ne a gaba.

Me ya faru? Ku saurara da kyau, domin abin da ya faru da su yana iya faruwa da mu.

Kada wani ya ɗauka Wiskonsin jihar raggaye ce. A'a! Gidan ƙwadago ce tun asali. A watan Mayu na 1886, ma'aikata suka fito a birnin Milwoki suna neman a tsayar da aiki kan awa takwas a rana. Dakarun jiha suka buɗe musu wuta, mutum bakwai suka mutu. Jikokin waɗannan mutane ba su kwanta ba. A 1911 jihar ta kafa dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. A 1932 ta zama ta farko a Amurka da ta yi dokar tallafa wa wanda ya rasa aikinsa. A wannan shekarar ce, a birnin Madison, aka dasa ƙungiyar da ta girma ta zama babbar ƙungiyar ma'aikatan jihohi da ƙananan hukumomi ta ƙasar baki ɗaya. A 1959 ita ce ta fara bai wa ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta 'yancin zama da hukuma a yi cinikin albashi da sharuɗɗan aiki. Ita ke gaba, saura na biye.

Ginin da aka yi shekara da shekaru ana yi, cikin wata ɗaya aka rusa shi.

A zaɓen Nuwamba na 2010 Scott Walker ya ci kujerar gwamna, jam'iyyarsa ta kwashe rinjaye a majalisun jihar biyu. Ran 11 ga Fabrairu 2011 ya fito da ƙudirinsa, ya ce gyaran kasafin kuɗi ne. Ran 11 ga Maris ya sa masa hannu. Ita ce ake kira Doka ta 10. Ku ji abin da ke cikinta, ku haddace shi, domin duk mai son karya ƙungiya irin wannan hanyar zai bi.

Dokar ta ce ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ba ta da bakin magana a kan komai sai tsurar albashi. Ba ruwanta da hutu. Ba ruwanta da awannin aiki. Ba ruwanta da yawan yara a aji, ko tsaron lafiyar ma'aikaci. Albashin ma, ƙarin ba zai wuce hauhawar farashi ba, sai in an kira jama'a ƙuri'ar raba gardama. Ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye. Ta ce ma'aikaci ya riƙa zuba wajen kashi 5.8 cikin ɗari na albashinsa a asusun fansho, ya kuma ɗauki aƙalla kashi 12.6 na kuɗin inshorar lafiyarsa. Sannan ga mugun tarkon: kowace shekara sai an sake zaɓe a kan ko ƙungiya za ta ci gaba da wakiltar ma'aikata, kuma sai ta samu kashi 51 na dukkan ma'aikatan wurin, ba na waɗanda suka fito zaɓen ba. Wanda ya zauna a gida, an lissafa shi cikin masu cewa a'a. Wanda ke kwance asibiti, a'a. Wanda ya manta, a'a. Da wannan ma'aunin za a auna gwamnoni, nawa ne za su kai labari?

Ma'aikata sun fito. Wallahi sun fito. Malamai suka fito, ma'aikatan jinya suka fito, ɗalibai suka fito, manoma suka shigo Madison a kan taraktocinsu. Aka kwana a zauren majalisa makonni, ga sanyi ga ƙanƙara. Wata rana taron ya kai kimanin mutum 100,000. Sanatocin jihar 14 na ɓangaren adawa suka tsallaka jihar Ilinoi don kada adadin zaman majalisa ya cika. Duk da haka aka yi wa ƙudirin dabara, aka zartar. Jama'a suka tara sa hannu sama da 900,000 don yi wa gwamna kiranye. Aka yi zaɓen a Yuni 2012, ya sake ci.

Nan ne ciwon yake, 'yan'uwa. An makara. Yaƙin ba a Fabrairu aka rasa shi ba, tun Nuwamba aka rasa shi a rumfar zaɓe. Takun mutum 100,000 a kan titi bai goge abin da aka dangwala a takardar ƙuri'a ba.

Kuma ku lura da yadda aka ci su. Ba gaba ɗaya aka tare su ba. Da farko aka tsame 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, aka ce dokar ba ta shafe su ba. Aka juya ga ma'aikacin kamfani aka ce masa: kai ba ka da irin fanshon malami, harajinka yake ci. Aka cusa hassada tsakanin talaka da talaka. Daga baya wani faifan bidiyo ya fito, an ɗauke shi tun Janairu 2011, inda gwamnan ke shaida wa wata attajira mai ba shi gudummawa cewa da ma'aikatan gwamnati zai fara, dabararsa ita ce a raba kai a ci galaba. Haka kuwa aka yi. A Maris 2015 aka waiwayo kan ma'aikatan kamfanoni, aka yi dokar da ta ba mutum damar cin moriyar yarjejeniyar ƙungiya ba tare da ya biya ko kwabo ba. Bayan nan aka soke dokar da ke kare ladan magina a ayyukan gwamnati. Wanda ya yi shiru a 2011 ya yi kuka a 2015. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin ƙarshen 2015, 'yan ƙungiya a Wiskonsin sun faɗo daga kashi 14 zuwa kashi 8. Babbar ƙungiyar malaman jihar, mai mambobi kusan 98,000, ta rasa fiye da rabinsu. Abin da malami ke kaiwa gida ya ragu. Dubban gogaggun malamai suka ajiye alli suka yi ritaya. Makarantun karkara suka rasa masu koyarwa, gundumomi masu kuɗi na zawarcinsu suna kwashewa. Wa ya biya wannan farashi? Ɗan talaka da ke zaune a aji.

Ba a tsaya nan ba. Da murya ta dushe, sai a yi ta ɗiba. Mutanen Milwoki sun kaɗa ƙuri'a a 2008 cewa ma'aikacin da ya kwanta ciwo a biya shi kwanakin jinyarsa. A 2011 gwamnatin jiha ta yi dokar da ta kashe wannan. Gwamnatin tarayya ta miƙo kuɗi don a faɗaɗa inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, jihar ta ƙi karɓar tsarin a cikakkensa. An kayar da Walker a 2018, wani tsohon malami mai suna Tony Evers ya hau, amma Doka ta 10 ta zauna daram, domin majalisa ba ta sauya hannu ba. Sai a Disamba 2024 wani alƙali a Madison ya rushe mafi yawan sassanta, nan ma aka ɗaukaka ƙara. Shekara 13 da ɗoriya ana jan abin da aka yi cikin wata ɗaya!

Yanzu ku tsallake kogi tare da ni.

A wannan zaɓen na Nuwamba 2010, Mark Dayton ya ci gwamnan Minesota da ratar da ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, cikin ƙuri'u sama da miliyan 2. Sai da aka sake ƙidaya. Ƙuri'a 9,000! Wata unguwa ɗaya a Kano ta fi wannan yawa. Majalisa kuwa tana hannun 'yan ɗaya ɓangaren, irin waɗanda suka ci Wiskonsin. A 2012 wasunsu suka ɗauko irin wancan shiri na raunana ƙungiyoyi, suka so shigar da shi cikin tsarin mulkin jihar. Ma'aikata suka cika harabar majalisa tun ƙudirin yana gaban kwamiti. Tun yana kwamiti! Ba su jira ya girma ba. Can ya mutu, bai kai gaban masu zaɓe ba. A zaɓen ƙarshen shekarar kuma majalisar ta sauya hannu.

Daga nan sai ɗiba ta koma ƙari. A 2013 aka ƙara wa manyan masu kuɗi haraji, aka zuba a makarantu. A 2014 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daki-daki har ya kai dala 9.50 a 2016, aka kuma ɗaure shi da tsadar rayuwa don kada sai an yi ta roƙo. A 2017 birnin Miniyapolis ya yanke nasa dala 15. A Maris 2022 malaman birnin suka tafi yajin aiki na kusan mako uku, karo na farko tun 1970, kuma cikin manyan buƙatunsu har da albashin mataimakan malamai, waɗanda suka fi kowa ƙarancin samu. A Satumba na shekarar, ma'aikatan jinya 15,000 suka ajiye aiki kwana uku. Kafin shekara ta ƙare sun sa hannu kan ƙarin kashi 17 zuwa 18 cikin shekara uku.

Sai 2023. Gwamna Tim Walz, shi ma tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙungiya, da rinjayen kujera ɗaya tak a majalisar dattawan jihar, 34 da 33. Da wannan kujera ɗaya aka yi dokar ciyar da kowane ɗalibi kyauta. Da ita aka yi dokar da ta ce duk awa 30 da ka yi aiki ka tara awa ɗaya ta hutun jinya da biya. Da ita aka tsara hutun haihuwa da na jinyar iyali, har mako 12 kowanne, da biya, daga farkon 2026. Da ita aka hana mai kamfani tilasta wa ma'aikata zaman sauraron huɗubar ƙin ƙungiya. Kujera ɗaya, 'yan'uwa. Kujerar ɗan majalisar jiha. Irin wadda mu muke sayarwa kan taliya da sabulu.

Akwai wani abu a Minesota da nake so ya ratsa zuciyarku. Dubban 'yan Somaliya ne a jihar, Musulmi, baƙi, wasunsu ko Turancin kirki ba su ji. Da yawa na aikin ɗaukar kaya a katafaren rumbun kamfanin Amazon a garin Shakopi. Aiki da gudu, na'ura na ƙidaya maka daƙiƙa, lokacin salla ma da ƙyar. A 2018 suka haɗa kai, mata masu hijabi a sahun gaba, suka fito bakin ƙofa cikin sanyin Disamba. Ɗaya daga cikin kamfanoni mafi kuɗi a duniya sai da ya zauna da su. A 2023 jihar ta yi dokar kare ma'aikatan irin waɗannan rumbuna. In 'yar gudun hijira a ƙasar wani ta iya, ke da ke ƙasar ubanki me zai hana ki? Kai da aka haifa a nan, me kake jira?

Na san wani zai ce ai Minesota tana da manyan kamfanoni, tana da babban birni. Gaskiya ne, tana da su, kuma ba ƙungiya kaɗai ke gina arziki ba. Ba aljanna ba ce kuma: a Miniyapolis aka kashe George Floyd a 2020, ratar da ke tsakanin farare da baƙaƙe a can babba ce. Amma kamfani ba ya rubuta dokar hutun haihuwa da kansa. Arziki ba ya raba kansa. Wiskonsin ma tana da masana'antu, tana da attajirai. Tambayar ita ce: in an zauna rabo, wa ke zaune a madadinka? A jiha ɗaya kujerar ma'aikaci na nan. A ɗayar an ɗauke ta.

To, mu dawo gida. Wannan labarin namu ne, domin mu ma ƙasar jihohi ce.

Mun san bambancin jiha da jiha a jikinmu. An sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 30,000 a 2019, amma ma'aikacin Zamfara sai 2024 ya fara ganinta. An sa hannu kan 70,000 a Yuli 2024. Legas ta ce 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000, wasu jihohin kuwa sai da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta kira yajin aiki a Disamba kafin su motsa. Malaman firamare na Abuja, a ƙarƙashin hancin gwamnatin tarayya, sai da suka rufe azuzuwa sama da wata uku a 2025 suna neman abin da doka ta riga ta ba su. Doka ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce. Amma inda ma'aikata suka tsaya, an biya. Inda suka yi barci, an yi musu alkawari.

Kuma ku tuna da 2021. An kai ƙudiri Majalisar Wakilai don a cire mafi ƙarancin albashi daga hannun tarayya kaɗai, kowace jiha ta samu damar yanka nata. A watan Maris ma'aikata suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya, suka ce ba su yarda ba. Wannan magana ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Duk lokacin gyaran tsarin mulki tana iya ɗago kai. In kana son ganin abin da ke faruwa idan aka bar wa jiha wuƙa da nama, ga shi nan: a 2025, dala 7.25 a wannan gaɓar kogi, dala 11.13 a waccan.

Mu ma muna da gado, kuma ba a banza muka same shi ba. A 1945 Michael Imoudu ya ja ma'aikatan ƙasar nan yajin aiki na sama da kwana 40 a ƙarƙashin Turawa. Ran 18 ga Nuwamba 1949 aka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. A 1981 NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta ƙwato mafi ƙarancin albashi na naira 125. Hutun ranar ma'aikata ma daga jiha ya fara: Abubakar Rimi ne ya ayyana shi a Kano a 1980, tarayya ta biyo baya a 1981. Jiha na iya ja gaba. Jiha na iya ja baya. An rushe shugabancin NLC a 1988, an sake rushe shi a 1994, ta dawo. To wannan gadon yana hannun wa yanzu? Yana hannunka. Yana hannunki.

Saboda haka ku tashi.

Fara daga reshenka. Ka san sunan shugaban reshen ƙungiyarka? Ka san ranar taro? Yaushe rabonka da zuwa? Duk wata ana cire maka kuɗin ƙungiya, ka taɓa tambayar inda suke zuwa? Je ka taro. Zauna a gaba. Ɗaga hannu. Ka ce a karanto lissafin kuɗi, shige da fice. Ka ce a raba kwafin yarjejeniyar da aka sa wa hannu da gwamnati, kowa ya karanta da idonsa. Ƙungiyar da mambobinta ba su san ta ba sai ranar yajin aiki, ranar da aka hana cire kuɗi daga albashi ta mutu. Abin da ya ci ƙungiyoyin Wiskonsin da yawa ke nan. Tambayi kanka tsakani da Allah: da yau za a ce kai da kanka za ka kai kuɗin ƙungiya, za ka kai? In amsar a'a ce, to gyara ƙungiyar har amsar ta zama e. Kada ka fita. Gyara!

Shugabannin ƙwadago, Kwamared, da ku nake yanzu. Amana ce a wuyanku. Gumin masinja kuke riƙe da shi, da hawayen ɗan fansho. Ku daina shiga gidan gwamnati da dare ku fito da safe ku ce an daidaita. Ku bar karɓar mota. Ku bar karɓar fili. Ku bar karɓar kujerar Makka daga hannun wanda za ku zauna ciniki da shi gobe. In kun janye yajin aiki, ku zo gaban mambobi ku faɗi abin da aka samu, da alƙalami da takarda. Ku kuma mambobi, wanda ya ci amana ku kayar da shi a zaɓe. Kada ku tsaya zagi a bayan ido. Ku tsayar da wani. Ku tsaya da kanku.

'Yan'uwa mata, ku ne a asibiti, ku ne a aji, ku ne a ɗakin haihuwa cikin dare ba wuta ba safar hannu. Me ya sa in an jera shugabanni sai a ba ku kujera ɗaya a gefe? Ku nemi shugabar reshe. Ku nemi ma'aji. Ku nemi sakatare. Ku sa hutun haihuwa da wurin shayarwa da tsaron mai aikin dare a saman takardar buƙatu. In ba ku faɗa ba, ba mai faɗa muku.

Matasa, ku da aka ɗauka aikin wucin gadi, shekara biyar ba takardar tabbatarwa. Ku da ke koyarwa a makarantun kuɗi kan abin da bai kai kuɗin mota ba. Ku da ke gidan mai, da gidan biredi, da kamfanin ruwan leda. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ku ne kuka fi kowa buƙatar juna. Ku san juna. Ku karɓi lambar juna. Ku rubuta awannin da kuka yi da abin da aka biya ku, ku adana. Ku je sakatariyar ƙwadago ta jiharku ku ce a nuna muku hanya. Manyan ƙungiyoyi kuma, ku buɗe musu ƙofa. Ku je ku same su inda suke. 'Yan dako, 'yan Adaidaita Sahu, teloli, makanikai, 'yan kasuwa, ƙungiyoyinku ma ƙungiyoyi ne. Ku yi zaɓe na gaskiya, ku riƙe littafin kuɗi, kada ku bari a mayar da ku 'yan rakiyar siyasa.

Kada ku yarda a raba ku. Kada ku yarda! Za a ce wa ɗan kasuwa ma'aikata 'yan tsiraru ne suna cinye kuɗin jiha. Ɗan kasuwa, tambayi kanka: ranar da albashi ya shiga, shagon wa ke cika? Ranar da aka yi wata uku ba a biya ba, littafin bashin wa ke cika? Za a biya likita a bar nas. Za a biya ma'aikacin jiha a bar na ƙaramar hukuma. Za a biya mai aiki a bar ɗan fansho yana faɗuwa a layin tantancewa. Za a ce wannan ɗan kudu ne, wancan ba addininku ɗaya ba. Yunwa ba ta tambayar wannan. In malamai suka fita, ma'aikatan lafiya ku je ku tsaya tare da su. In an taɓa 'yan ƙaramar hukuma, 'yan sakatariyar jiha ku ji a jikinku. Iyaye, in malamin ɗanku ya tafi yajin aiki, kada ku zage shi. Ku je ku tambaye shi wata nawa yake bi. Sannan ku tafi tare wurin wanda ya riƙe kuɗin.

Mu kuma mu tsare namu gefen. Ka zo aiki kan lokaci. Ki kula da mara lafiya kamar naki. Ka shiga aji ka koyar. Ƙungiya ba mafakar mai fashin aiki ba ce. Ranar da za a zo karya ku, da sunan malalacin cikinku za a zo, kuma jama'ar da kuka wulaƙanta a bakin tebur ba za su fito dominku ba. Ku riƙe jama'a tun yau. In kun fito kuma, ku fito cikin lumana. Ba ƙone-ƙone, ba jifa, ba fasa shago.

Sannan majalisar jiha. Majalisar jiha, 'yan'uwa! Kowa idonsa na kan Abuja, alhali wuƙar na nan kusa da gida. Wane ne ɗan majalisar mazaɓarka? Nemo sunansa yau. Nemo ofishinsa. Wane ƙudiri ke gabansu kan fansho? Nawa aka ware wa ilimi da lafiya a kasafin bana, nawa aka saki? Kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu bibiyar majalisa. In an kira zaman jin ra'ayin jama'a, ku cika zauren tun kafin a buɗe ƙofa. Ku tare mugun ƙudiri tun yana kwamiti, yadda 'yan Minesota suka yi. Kada ku jira a sa hannu sannan ku fito da kwalaye.

Katin zaɓenka yana ina? Nemo shi. Ba ka da shi? Je ka yi. Na matarka fa? Na ɗanka da ya cika 18? Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ku zaunar da shi a sakatariyar ƙungiya. Ku tambaye shi albashi. Ku tambaye shi giratuti. Ku tambaye shi ƙarin girma da aka yi shekaru ba a biya ba. Ya amsa a rubuce, ya sa hannu, ku liƙa a bango. Ranar zaɓe ku fito da asuba, ku fito da maƙwabta, ku tsaya har a ƙirga. Ku tuna 9,000. Ku tuna kujera ɗaya.

Kada ka ce sai an kira. Kai ne mai kiran. Gobe da safe, kafin ka zauna a teburinka, nemi wakilin ƙungiya ka tambaye shi ranar taro. In ya ce ba a sa ba, nemi mutum biyar ku sa. Kowane ɗaya ya kawo biyar. Ku sa rana. Ku sa wuri. Ku buga waya. Ku ƙwanƙwasa ƙofa. Ku je da biro da takarda, ku rubuta buƙatu uku da suka fi ci muku tuwo a ƙwarya, ku zaɓi waɗanda za su kai su, ku yanka ranar da za su dawo muku da amsa. Malam, tashi! Malama, tashi! Wannan makon, ba na gaba ba!